Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin magunguna na asibitinmu, daga masu amosanin gaɓɓai na soriyasis

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaba da 'yan kwamiti, likitoci da masu harhaɗa magani da ke cikinku. Ina gaishe ku da aiki, Allah Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar marasa lafiya. Ni malamin makaranta ne, shekarata tara ina zuwa asibitinku. Na rubuto da yawun 'yan'uwana masu fama da amosanin gaɓɓai irin wanda ke biyo bayan cutar fata ta soriyasis. A benci ɗaya muke jiran likitan gaɓoɓi, tun muna gaisawa sama-sama har muka san sunan juna da inda ciwo ke cin kowa. Su suka ce in rubuta, kuma sai da na karanta musu suka amince kafin na fitar.

Takardar da kuka liƙa a tagar karɓar magani ce ta tayar mana da hankali. Hukunci uku ta ƙunsa. Ba za a ƙara rubuta wa mai wannan ciwo allurar zamani, wato mai toshe sinadaran kumburi, ba sai ya gwada biyu daga cikin magungunan haɗiya uku da ke jerinku, kowanne wata shida cur, an tabbatar ba su yi ba. Wanda ya riga ya hau allura kuma sai an sabunta masa izini duk wata uku, ba za a ba shi ko ɗaya ba har takardar izinin ta fito. Sannan ganin likitan gaɓoɓi ya koma sau biyu a shekara. Mun miƙa koke a rubuce tun makon da aka liƙa ta, har yau shiru, shi ya sa muka fito fili.

Ku kun san ciwon, amma tunda wasu za su karanta, bari in ɗan yi bayani. Soriyasis ba a ɗaukarta a musabaha ko a tawul. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa fatar mai ita, fatar ta riƙa tsirowa da gaggawa tana taruwa tana ɓamɓarewa. A cikin masu ita, daga mutum ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku ciwon kan gangara musu gaɓoɓi. Galibi fata ce ke farawa, gaɓoɓi su biyo baya da kimanin shekara 10, kuma ya fi kama mutum tsakanin shekara 30 da 50, daidai lokacin da iyali ke rataye a wuyansa. Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don wanda ya gan su ya gane.

Kokenmu na farko kan lokaci ne, kuma a nan zan daɗe, domin da jikina na biya kuɗin karatunsa.

Nawa ya fara da tabo a gwiwar hannu da ƙeya. Wani ya ce makero ne, wani ya ce amosanin kai. Ban ga laifinsu sosai ba, don hotunan littattafai jan tabo suke nunawa, a baƙar fata kuwa toka-toka yake fitowa ko ruwan hanta. Bayan shekaru sai diddige ya kama. In na sauko daga gado da asuba, takun farko kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango na yi kusan awa ɗaya kafin jikin ya saki. Wata safiya na tashi yatsana na tsakiya ya kumbura tun daga gindi har kai, ya yi sumul yana ƙyalli. Na kusa da shi ya bi sahu, sai da aka yanke mini zobe da almakashin ƙarfe. Aka yi gwajin jini na sananniyar cutar amosanin gaɓɓai, ya fito ba komai, aka ce in gode wa Allah. Ba wanda ya gaya mini cewa a irin namu gwajin nan yawanci fes yake fitowa, kuma ba wanda ya dubi faratana da suka yi ramuka ƙanana kamar an tsattsaga musu allura. Shekara biyu na yi ina shan diclofenac. Ranar da na isa gaban likitan gaɓoɓi, ta ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ta nuna mini gaɓar ƙarshe ta yatsan, gefenta duk ya zaizaye. Ta ce kumburi za mu iya kashewa, amma wannan ya riga ya tafi. Yau da babban yatsa da manuni kawai nake maƙale alli, sauran a karkace suke.

Abin da ya same ni sananne ne a wurin masana. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ayilan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa jinkirin wata shida kacal tsakanin fara ciwo da ganin likitan gaɓoɓi yana tafiya da zaizayar ƙashi da raunin aikin gaɓa daga baya. To ga shi takardarku ta ɗora wata goma sha biyu a kan wanda ya riga ya iso a makare. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Turai, EULAR, ma'auninta shi ne a ga sauƙi na sosai cikin wata uku, a kai ga lafawar ciwo cikin wata shida, in ba haka ba a sauya. Kuma a wurinta, in maganin haɗiya guda ɗaya ya gaza, ana iya hawa allura. Shawarar da likitocin Amurka suka fitar a 2018 ma ta fi karkata ga a fara wa sabon majinyaci da allurar kai tsaye. Mun san akwai ƙasashen da ke neman a gwada biyu tukuna, ba mu ce ku kuka ƙirƙiro ba. Abin da muka kasa fahimta shi ne a tilasta wa mutum ya cika wata shida yana haɗiyar abin da likitansa ya gani tun a wata na uku cewa bai taɓa ciwon ba.

Batun ganin likita sau biyu a shekara ma nan ya shigo. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna TICOPA da majinyata 206, sakamakonsa ya fito a 2015. An raba su biyu: wasu ana ganinsu duk mako huɗu, ana ƙara magani ko a sauya muddin ciwon bai lafa ba, wasu kuma duk mako goma sha biyu. Na farkon sun fi samun sauƙi a gaɓoɓi da fata, duk da cewa sun fi haɗuwa da illolin magani, gaskiya ce a faɗe ta. Ku lura, waɗanda aka bari a baya a gwajin nan duk wata uku ake ganinsu. Mu an mayar da mu wata shida.

Koke na biyu shi ne tsani ɗaya da aka kafa wa kowa, alhali ciwon ba wuri ɗaya yake cin mu ba. A bencinmu akwai wanda yatsu ne, akwai wanda agara da tafin ƙafa ne, akwai wanda ƙashin baya ne, akwai wanda fata ta fi gaɓa damunsa. Magungunan kuma kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Ba mu raina methotrexate ba. Da yawanmu shi ke riƙe da su shekara da shekaru, yana kwantar da kumburin gaɓa, yana gyara fata, ga shi da sauƙin samu. Sulfasalazine da leflunomide ma suna da nasu amfanin a gaɓoɓin hannu da ƙafa. Amma duk ukun ba sa yi wa ciwon ƙashin baya komai, wannan ba ɓoyayye ba ne a wurin likitocinku. Akwai wani direba a cikinmu da ciwon kugu ke tayar da shi tsakar dare, sai ya tashi ya yi ta zagaya ɗaki kafin ya samu sa'ida, juya wuya ya duba madubin mota ya zama masa aiki. Irinsa, in magungunan kashe zafi sun gaza, allura ce mataki na gaba. Takardarku ta ce ya shekara yana shan abin da aka san tun farko ba zai kai ga bayansa ba, ana ɗibar jininsa ana duba hantarsa a kan haka.

Akwai kuma wata baiwar Allah, shekararta biyu da aure, tana neman haihuwa. Methotrexate yana zubar da ciki yana kuma nakasa ɗan tayi. Leflunomide ma haka, shi har yakan zauna a jiki kusan shekara biyu in ba a wanke shi da wani magani ba. Saura sulfasalazine kaɗai take iya sha, ta sha bai yi ba. Ta ina za ta cika biyu? Ga certolizumab, allurar da aka san kusan ba ta ratsa mabiyiya zuwa ga jariri, amma dokarku ta rufe mata ƙofar. An bar ta ta zaɓa tsakanin hannuwanta da haihuwa, kuma da ta zo faɗa mana haka kuka ya hana ta ƙarasawa.

Tun 2002 da aka amince da etanercept don wannan ciwo a Amurka, hanyoyi sai ƙaruwa suke yi. Akwai masu toshe sinadarin kumburi da ake kira TNF, wato adalimumab, infliximab, etanercept, golimumab da certolizumab, waɗanda aka tabbatar suna rage zaizayar ƙashi. Akwai masu toshe wani sinadarin kumburin mai suna IL-17, irin su secukinumab da ixekizumab, su ne gwanayen wanke fata, kuma suna kama ƙashin baya. Akwai ustekinumab, da guselkumab da risankizumab da suka zo daga baya, waɗanda bayan allurai biyu na farko sai a yi wata biyu ko uku ba a sake ba. Na haɗiya ma an samu sababbi: apremilast a 2014 ga mai ciwo mara tsanani, tofacitinib a 2017, upadacitinib a 2021. Zaɓi a tsakaninsu sai an dubi mutum gaba ɗayansa. Wanda idonsa ke kumbura ta ciki, yana ja yana gudun haske, adalimumab ko infliximab ne nasa, etanercept ba ya tsare ido haka. Mai kumburin hanji ba a ba shi masu toshe IL-17, don suna iya tayar masa da shi. Wannan hukunci ne na likitan da ya taɓa gaɓar da hannunsa ya ji zafinta, takardar da ke manne a taga ba za ta iya yanke shi ba.

Na uku, yankewar allura. Wannan shi ya fi ba mu tsoro, mu da muka riga muka hau. Adalimumab duk mako biyu ake yi. Izinina na ƙarshe ya yi mako bakwai a hanya, allura uku suka wuce ni. A mako na biyar na koma dafa bango da asuba, a na shida matata ce ke ɓalla mini maɓallan riga kafin in fita aiki. Kuma an san cewa tsayawa da dawowa na iya sa jiki ya ƙera garkuwa ga maganin kansa, musamman infliximab, a dawo da shi ya ƙi aiki kamar da. Wanda maganinsa ya mutu ta haka sai an nemo masa wani, wataƙila ma wanda ya fi tsada.

Ku tambayi kanku me mutane ke yi a wannan tsakanin. Ni zan gaya muku, don a gabana ake yi. Suna komawa kan diclofenac da ibuprofen safe da yamma, waɗanda ke danne zafi ƙashi na ci gaba da cinyewa a ƙarƙashi, ga gyambon ciki, ga ƙoda, ga hawan jini. Mafi muni, suna sayen prednisolone da kansu. Kwana biyu mutum ya ji garau, sai ya zarce. Ranar da ya tsayar da shi farat ɗaya, fata na iya yin bore ta tashi jiki duka, wani lokaci da ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi har a kwantar da shi. An gudu gara an faɗa gidan zago, kuma gadon asibitinku ne zai ɗauki nauyin.

Na huɗu ba ya cikin takardarku, amma tunda kowa za a tura kan methotrexate, dole a faɗe shi. Maganin nan sau ɗaya a mako ake sha. Wani dattijo a cikinmu aka miƙo masa ta taga ba bayani, ya ɗauka irin sauran ne, ya sha kullum har kwana biyar. Bakinsa ya yi gyambo ko ruwa ba ya iya haɗiya, jininsa ya faɗi, sai da ya kwanta. Allah Ya yi da sauran kwanansa, don irin wannan kuskure ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Da yawa ba a gaya musu su haɗa da folik asid don rage illa ba, ba a gaya musu su nisanci giya ba, ba a gaya musu cewa Septrin, da ake sha kamar ba komai ba, in ya haɗu da methotrexate yana iya durƙusar da ɓargo ba. Gwajin jini da na hanta da ya kamata a riƙa yi a kai a kai a watannin farko, wa zai duba sakamakonsa in likita sai bayan wata shida?

Ranku ya daɗe, mun san ba don mugunta kuka yi ba. Alluran nan suna da tsada, suna bukatar firji tsakanin digiri 2 da 8, kuma suna da haɗari na gaske. Masu toshe TNF suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki shiru, suna iya tayar da ciwon hanta nau'in B. Tofacitinib da danginsa, a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kansu game da ciwon zuciya, daskarewar jini da ciwon daji, don haka ake taka-tsantsan da su ga tsofaffi da masu shan taba. Apremilast na kawo gudawa da rama, wasu ma damuwa. Mun yarda da duk wannan. Sai dai maganin haɗarin shi ne gwaji kafin a fara da sa ido bayan an fara. Jiran shekara ɗaya ba ya gano tarin fuka, hoton ƙirji da gwajin fata ko na jini ne ke gano shi.

Tsadar ma ba yadda take a da ba ce. Tun 2013 Turai ta amince da takwaran infliximab na farko, wato irin maganin da wani kamfani ya ƙera bayan wa'adin mallakar na asali ya ƙare, aka gwada aka ga aikinsu ɗaya. Takwarorin adalimumab sun shiga kasuwar Turai a 2018, farashi ya sauko ƙwarai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin magungunanta na dole saboda cututtukan kumburi masu daɗewa, bayan babban taronta na 2014 ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani da ke nakasa mutum. Mu ba sunan kamfani muke bi ba. Ku sayo takwaran, za mu karɓa da hannu biyu.

Ga abin da muke roƙo. Ku mayar da wa'adin gwada maganin haɗiya wata uku, in likita ya ga ba alamar sauƙi ya sauya, kuma gazawar guda ɗaya ta isa ga wanda gaɓoɓinsa da yawa suka kumbura ko hoto ya nuna ƙashi ya fara zaizaya. Ku cire masu ciwon ƙashin baya daga wannan sharaɗi gaba ɗaya, haka masu kumburin ido ko na hanji, da mata masu ciki ko masu neman haihuwa, a bar wa likitansu ya zaɓa. Wanda ke kan allura tana masa aiki, sabunta izini ya koma shekara-shekara, kuma a ci gaba da ba shi maganinsa yayin da takarda ke yawo tsakanin ofisoshi. Wanda ciwonsa bai lafa ba a riƙa ganinsa duk wata ko wata biyu, wanda ya lafa mun yarda da wata shida, ta haka ma layin zai ragu.

A tagar magani, muna roƙon a rubuta ranar shan methotrexate ɓaro-ɓaro a jikin leda, a faɗa da baki, a sa mutum ya maimaita, a haɗa masa da folik asid da takardar gwajin jini. Gwajin tarin fuka da na ciwon hanta a yi shi tun ranar da aka gano ciwon, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ku umarci sashen fata su riƙa tambayar duk mai soriyasis, ko sau ɗaya a shekara, ko diddigensa na ciwo, ko yatsa ya taɓa kumbura, ko yana tashi a sandare da safe, su kuma dubi faratansa. Tambaya ce ta minti biyu. Da an yi mini ita, da an tura ni wurin likitan gaɓoɓi shekara biyu kafin ranar da na je.

Muna kuma neman ku ba biyu daga cikinmu dama su zauna da ku ranar da za ku sake duba takardar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direban ya ce zai zo, baiwar Allahn nan ma ta ce za ta zo da mijinta. Amsarku muna so a rubuce, a liƙa ta a tagar da aka liƙa ta farko, inda dukanmu za mu gani.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku,
ɗaya daga cikin majinyatanku, a madadin 'yan'uwansa.